A dawo da rumbun tsimi a ƙauyukanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan taimakon masu ƙaramin ƙarfi a karkara. Ni manomi ne a ƙaramar hukumar Taura, kuma abin da zan faɗa a ƙofar gidana yake faruwa.

Yunwa a wurinmu tana da lokacinta. Daga Yuli zuwa Agusta gero yana gona bai nuna ba, rumbu kuwa an share shi tas. A lokacin ne magidanci yake barin gonarsa ciyawa ta cinye, ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya auno abin da za a tuƙa da dare. Wani ya ci bashin kwano ɗaya, da kaka ya biya biyu. Bara maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar, ta yi kwana uku ba ta ɗora tukunyar tuwo ba, sai tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Daga ƙarshe ta ja akuyarta ɗaya tilo zuwa kasuwar Gujungu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya mata ciniki.

Taimako yana zuwa, ban musa ba, Allah Ya saka wa masu yi. Amma yawanci da azumi yake zuwa, ko kuma a zo a rubuta sunaye a ce a kawo lambar NIN da lambar asusun banki. Wannan baiwar Allah ko waya ba ta da ita.

Iyayenmu suna da rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai rana ta ɓaci. Me zai hana kowane gari ya gina nasa na jama'a? Da kaka duk wanda Allah Ya huwace wa ya kawo dami ɗaya ko biyu sadaka, mabuɗi a hannun mutum uku: mai unguwa, liman da dattijuwa ɗaya, domin mata ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. A buɗe a tsakiyar damina, a auna a idon kowa. Zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga noman ruwan sama, ranar girbi ake fitar da ita. Ko kwamiti zai iya ajiye wani kaso zuwa damina, wannan na bar wa malamai su yi mana bayani.

Roƙona ga masarautunmu na Jigawa da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne su taimaka da ginin rumbun da buhunan da ke hana ƙwari, kafin a fara yankan gero bana. Dami biyu na farko ni zan kawo.

Naka,
Wani manomi daga Taura, Jihar Jigawa