Wasiƙa kan fatar kabon da ke ɓarewa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka yi mini afuwa da jinkirin amsa, aikin ɗakin gwaji ne ya sha mini kai. Ka ce in gaya maka abin da nake fama da shi, to ga shi.

Makon jiya na fito da faifan silikon daga na'ura, na shafe shi da fatar kabon mai kama da daimon, kaurinta bai kai nanomita 200 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ta fito sumul tana sheƙi. Washegari na sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai na tarar ta fara ɓarewa daga gefe, ta tattare ta yi layuka masu lanƙwasa kamar igiyar tsohuwar wayar tarho. Ina kallo wani layin yana rarrafe, yana cin inda bai ɓare ba. Wallahi raina ya ɓaci, kwana uku na yi ina shirya ta.

Ka tuna atam na kabon iri biyu yake kama 'yan'uwansa. A daimon kowanne yana riƙe da huɗu, shi ne ɗaurin sp3, daga nan taurin yake zuwa. A garafait, wato baƙin cikin fensir, uku yake riƙewa a shimfiɗe, shi ne sp2. Fatar tamu gauraye ce ta biyun, kuma atam ɗinta ba su jeru sahu-sahu ba. Tun 1971 Aisenberg da Chabot suka fara yin irinta. In kana son sp3 ya yi yawa, har ya haura kashi 80 cikin ɗari, sai ka harbo ayon na kabon, wato atam masu cajin lantarki, da ƙarfin kusan eV 100. Ba a sama suke zama ba, kutsawa suke ƙarƙashin fatar su cusa kansu inda babu wuri, kamar a yi ta danna kaya cikin buhun da ya riga ya cika. Cunkoson nan ne ke tilasta musu ɗaurin daimon, shi ne kuma ke barin matsi a ciki da kan kai gigafaskal 10. Fatar tana son ta buɗe, silikon ya riƙe ta. In ta yi kauri sai riƙon ya gaza.

Auna matsin ba wuya. Faifan kan ɗan lanƙwashe, mu haska masa leza mu ga iya lanƙwasar, mu sa a lissafin da Stoney ya fitar tun 1909.

Na daɗe ina ɗauka matsi da sp3 Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba mai raba su. McKenzie da abokan aikinsa a Ostireliya sun kawo hujja a 1991 cewa matsin ne ma ke haifar da sp3. Amma a 1997 masu bincike a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka suka gasa irin wannan fata, wadda ba ta da haidirojin, a zafin digiri 600 na Salshiyas ko kusa da haka. Matsin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, sp3 kuwa da ƙyar ya ragu. Da na zauna na yi lissafin da hannuna sai abin ya faɗa mini. Fatar tana da tsauri ƙwarai, shi ya sa takurewar da ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba ta isa ta haifar da wannan uban matsi. Ɗaurin sp3 tsawonsa nanomita 0.154 ne, na sp2 kuwa 0.142. In 'yan kaɗan suka juya zuwa sp2 suka kwanta daidai da shimfiɗar fatar, sai ta ɗan tsuke, ta samu sarari. A ganina matsin abokin haihuwa ne kawai: ana bukatar cunkoson lokacin da fatar ke girma, bayan nan ɗaurin yana iya tsayawa da ƙafarsa.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda wasu ke karanta awon Raman, wato a haska wa fatar leza, a zana hasken da ya dawo, a karanta tuddan da suka fito a zanen. Leza mai hasken da ido ke gani sp2 take ji, nesa ba kusa ba fiye da sp3. Tudun G wajen 1580 da tudun D wajen 1350 duk na sp2 ne. Sai mutum ya dube su ya yanke adadin sp3 kai tsaye. In ana son ganin sp3 da kansa, sai an koma lezar da ido ba ya ganin haskenta, mai tsawon zango nanomita 244, inda tudun T, na sp3, ke fitowa wajen 1060.

Mako mai zuwa in sha Allahu zan gwada shafawa kaɗan, in gasa, in sake shafawa, hawa bisa hawa, in gani ko zan kai kaurin maikiromita ɗaya, wato nanomita 1000, ba ta ɓare ba. In ka taɓa sa siririn shafen kuromiyam ko titaniyam a ƙasa don ƙarin riƙo, don Allah ka rubuto mini kaurin da ya yi maka aiki.

Ka gaida mini iyali da yara.

Naka amini.