Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kai mu fadojin kwarin Loire

Zuwa ga Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina aiko muku da saƙon imel, na buga waya har na gaji, ba wanda ya tanka mini. Shi ya sa na fito fili.

A watan Mayu na biya kuɗin tafiyar kwana uku zuwa kwarin Loire, ni da mahaifiyata da ta zo mini ziyara Faransa daga Maraɗi. Hajiya ta haura shekara 70, kuma gwiwa ta daɗe tana damunta. Tun kafin in biya ko sisi na gindaya wa ma'aikaciyarku sharaɗi biyu: ɗaki a ƙasa, da abinci marar naman alade. Ta ce in kwantar da hankalina, ta rubuta a takardar da ke hannuna har yanzu.

Da muka isa masaukin, tsohuwar fada ce da aka mayar otal, sai aka miƙo mana makullin ɗaki a can ƙolin hasumiya. Matakalar dutse ce mai murɗewa, ga ƙunci, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda ƙafafun da suka taka shi shekaru aru-aru, abin riƙewa kuwa igiya ce kawai a jikin bango. Hajiya ta zauna a rabin hanya tana haki, tana ce mini, "Bari dai, ɗana, kada ka yi faɗa da kowa." A kafaɗata ta ƙarasa hawa. Ban ga laifin ginin ba. Irin waɗannan gine-gine dokar kayan tarihi ta Faransa ce ke kare su, ba a fasa bango haka kawai a kafa na'urar hawa bene. Kun fi ni sanin wannan, don haka hakkinku ne ku tabbatar kafin ku yi alkawari.

Da dare aka ajiye mana rillettes na Tours, wato naman alade da aka dafa cikin kitsensa. Mai kawo abinci ya rantse ba wanda ya sanar da su. Burodi da shayi ta ci ta kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ziyarar fadar Chenonceau. Hajiya tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da na ba ta labarin dogon zauren nan mai mita 60 da aka gina a kan kogin Cher, wanda aka mayar asibitin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, take ɗokin ta taka cikinsa. Washegari gwiwarta ta kumbura suntum. A cikin mota ta zauna ita kaɗai. A fadar Chambord ma, wadda Sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519, daga nesa ta hangi hasumiyoyin, ba ta ko kai bakin ƙofa ba.

Ina neman ku mayar mini da kuɗin ɗakin da na kwanaki biyun da ta rasa, ku kuma rubuto mata takardar ban haƙuri da sunanta. Idan mako biyu suka wuce shiru, zan kai takarduna gaban mai shiga tsakani na harkar yawon buɗe ido.

Naku,
Wani abokin cinikinku mazaunin Paris