Masu jitar Agadas ba su isa su shiga shirinku ba ne?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ƙorafi ne ya sa na ɗauki biro, kuma a kan shirin rediyonku na daren Asabar ne, wanda kuka yi kan kiɗan rok, wato kiɗan jita mai lantarki, da makaɗansa. Tun daga farko har ƙarshe na kasa kunne ina jiran a ambaci namu, shiru kake ji. An yi Beatles, tashinsu daga Liverpool da watsewarsu a 1970. An yi Rolling Stones da suka fara tun 1962, har yau tsofaffin ba su ajiye ba. An tsallaka Faransa an kawo mutanen nan biyu masu rufe kai da hular kwano, Daft Punk, da yadda suka raba gari a 2021. Duk na ji, ban ce uffan ba, ai ilimi ne. Sai da mai gabatarwa ya zo sallama ya kwashe da dariya, wai wannan kiɗan Turawa ne, mu nan sai dai kalangu da gurmi. Nan fa raina ya ɓaci.

Kalangu da gurmi ba abin kunya ba ne, da su aka yi bikin iyayenmu. Amma wa ya gaya masa ba mu da masu jita? Wa ya gaya masa?

Ni sana'ata bayar da hayar lasifika da janareta a wuraren biki. A Tawa nake, aiki kuma yakan kai ni Abalak da Cintabaraden, wani lokaci har Agadas. Da yaron naku zai biyo ni rana guda, da bai sake faɗin wannan magana ba. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a kan rairayi, in ja janareta can bayan katanga don ƙararsa kada ta danne kiɗa. Samari huɗu ko biyar su zo da rawunansu, mai jita biyu, mai ganguna ɗaya, wayar jitar duk an ɗaure ta da salatif saboda tsufa. Mata su zauna gefe guda suna tafi da guɗa, maza su yi da'ira. Da mai jita ya taka ɗan akwatin nan na ƙasa, sauti ya ƙara kauri, sai ka ga ƙura ta tashi, dattijon da ya zo da sanda ya manta da ita. Sau da yawa ni ne ke durƙushe ina riƙe da soket da hannu don kada yara su taka wuta ta ɗauke. A haka ake kaiwa tsakar dare. Abin da aka liƙa musu shi za su raba, a cire kuɗin mai, a cire nawa. In wannan ba rok ba ne, to a faɗa mini sunansa.

Kuma daga irin wannan tabarma mutanen da duniya ke biyan kuɗi ta kalla suka taso. Mdou Moctar ɗan jiharmu ne ta Tawa, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a son kiɗa. Kun san inda ya ɗauki faifansa na farko? Sakkwato, a 2008, da irin injin gyaran muryar nan da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da shi. Babu kamfani, babu talla. Daga waya zuwa waya ta Bluetooth waƙoƙin suka yi ta yawo, daga memori zuwa memori wurin masu turi a kasuwa, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya shiga neman mai su. Yau kamfanin Matador na Amurka ke fitar da faifansa. Lokacin juyin mulkin Yulin 2023 ma shi da yaransa suna can suna wasa, aka rufe iyakoki suka maƙale. Wannan bai isa labari ba?

To ga Bombino, Omara Moctar na Agadas. Yana yaro tawayen 1990 ya kora danginsa Aljeriya, a gudun hijira ya koyi jita. Da rikici ya sake ɓarkewa a 2007 aka hana Abzinawa kaɗa jita, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, ya tsere Burkina Faso. Ya dawo a 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, gari ya fito ƙwansa da ƙwarƙwata. Sunansa ya shiga jerin masu neman Grammy ta 2019, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Abin da ya fi ba ni haushi, Rolling Stones ɗin nan da kuka ɓata rabin shiri kuna kambamawa, wasu daga cikinsu, har da Charlie Watts, sun shiga ɗaukar waƙa tare da shi tun 2006. Su sun san shi. Gidan rediyon da ke magana da harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Agadas ne bai san shi ba.

Ban ma taɓo Tinariwen na Mali ba, iyayen gidan wannan kiɗa, da suka ɗauko Grammy ɗin sukutum a 2012. Ga Tal National a Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, waɗanda kan kwashe sa'o'i suna kiɗa ana rawa ba hutawa. In kiɗan rawa kuke nema, me ya kai ku Faris?

Na san abin da ya faru. An buɗe intanet, an kwaso abin da Bature ya rubuta a kan nasa, an juya shi Hausa, an karanta mana. Shi Bature ai ba laifinsa, kowa gidansa yake yabo. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Washegarin shirin a wurin aiki wani yaro mai jita, da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce mini, "Baba, ashe mu ba a ƙirga mu." Ban sami abin ce masa ba. Yaron nan iyayen yarinyar da yake so sun riga sun ce ba sa ba maroƙi 'yarsu, ga shi rediyo ta ce ma babu shi.

Ba roƙo nake a yi musu alfarma ba. Ku tura wakili Agadas ko Yamai, ku sa musu makirfo, su faɗi yadda ake rayuwa da wannan sana'a: wahalar biza, tsadar igiyar jita, da yadda waƙarka za ta karaɗe Sahara ko dala ba ta shigo aljihunka ba. Mai gabatarwar kuma ya fito ya janye maganarsa a daidai lokacin da ya faɗe ta.

Tun da na riga na rubuto, don Allah ku duba tallar mai maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Ƙararta ta ninka ta shirin, ga kalaman da ba a faɗa gaban yara. Da iyalina nake sauraro a tsakar gida, kullum sai na yi wuf na rage murya. Ku mayar da ita can cikin dare, ko ku sa ya gyara bakinsa.

Wassalam.

Naku,
Mai sauraronku daga Tawa, Jamhuriyar Nijar