Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga magidancin da ya ce shi lafiyarsa ƙalau

Assalamu alaikum, Malam.

Ka bugo waya a shirinmu na lafiya a rediyo, lokaci ya ƙure ban ba ka cikakkiyar amsa ba. Ka ce an auna uwargidanka a asibiti an samu ciwon sanyi na gonoriya, an yi mata allura, sai likita ya ce kai da amarya ma ku zo, alhali ba inda ke muku ciwo. Tambayarka ita ce: me zai kai mai lafiya ga allura, kuma ashe ba a masai mata ke kwaso wannan abu ba?

Bari in fara da masai, don shi ne mafakar maza da yawa. Ƙwayar cutar nan, wadda wani likitan Jamus Albert Neisser ya gano a 1879, ba ta da juriya a wajen jikin mutum. Da zarar ta bushe ta mutu. Ba a ɗaukarta a bakin masai, ko a buta, ko a wurin zama. Ta hanyar saduwa take bi, sai kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Gaskiya ne ba kowane ƙaiƙayi ko fitar farin ruwa ga mace ne gonoriya ba, akwai wanda ba ruwan miji a ciki. Amma naku an riga an auna, an ga ƙwayar.

Rashin jin ciwo kuwa ba shaida ba ce. Namiji yakan ga alama cikin mako guda: zafi wajen fitsari da mugunya daga gaba. Wasu mazan ba sa ganin komai. Mata kuwa da yawansu sai su yi watanni da ita ba su sani ba. Ga kuma abokiyar tafiyarta, kilamidiya, wadda ta fi ta iya ɓuya, shi ya sa likita kan haɗa allurar ceftriaxone da ƙwayoyin doxycycline na kwana 7 (mai ciki ana canza mata wani). Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabon kamun gonoriya har miliyan 82 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kilamidiya kuma kusan miliyan 129. Yawancinsu mutane ne da ke ganin kansu garau.

Yanzu dubi gidanka. An yi wa uwargida magani ta warke. Ranar girkinta ta zagayo, ka mayar mata da abin da aka raba ta da shi. Ko da an yi maka kai ma, kwana biyu a ɗakin amarya sun isa ka sake kwasowa. Kamar mai sharar ɗaki ne iska na kaɗo masa ƙura ta taga. Shi ya sa ake so ku ukun ku karɓi magani lokaci guda, sannan a dakata da shimfiɗa har kwana 7 bayan kowa ya gama nasa. In da hali, a sake gwaji bayan wata uku.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai biya kuɗin wannan jinkiri, domin ba kai ba ne farko. A jikin mace ƙwayar tana hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ta kumbura su, ta bar tabo. Daga nan sai ciwon mara da ba ya jin magani, ko bututun ya toshe haihuwa ta tsaya cik. Wani lokaci cikin ya shiga amma ya zauna a cikin bututun, ya fashe shi, jini ya zuba a ciki, in ba a yi tiyata da gaggawa ba a rasa rai. Mace nawa aka yi wa gorin rashin haihuwa, aka kai ta gidan mai magani, aka ce iska ce ko sammu, har aka yi mata kishiya, alhali allura guda a kan lokaci ta isa? Idan kuma mai ciki ce, jariri kan kwasa a idonsa, cikin 'yan kwanaki ido ya kumbura yana mugunya, yana iya makancewa. Kai ma ba ka tsira ba: tana kumbura maraina, tana ƙuntata hanyar fitsari bayan shekaru, jefi-jefi ta shiga jini ta kama gaɓoɓi.

Na san abin da zuciya za ta raya maka: ka biya kemis ka sayi kafso, ko ka karɓi gorar mai tallan maganin sanyi da lasifika, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Don Allah kada ka yi. Wannan ƙwaya ta gagari magunguna ɗaya bayan ɗaya. Fenisilin ya yi mata aiki tun shekarun 1940, daga baya ta fi ƙarfinsa. Amurka ta daina ba da ciprofloxacin a kanta tun 2007. A 2018 an samu wani mutum a Ingila da tasa ta bijire wa magungunan da aka fi dogaro da su. Rabin magani yana kwantar da zafin fitsarin ne kawai, ƙwayar na nan tana ƙara taurin kai.

Saura abin da ba ka faɗa a rediyo ba amma na ji shi a muryarka: wa ya kawo ta? Gwaji ba ya nuna wanda ya fara. Cutar da ke iya kwanciya shiru na tsawon lokaci, an iya shigowa da ita daga auren baya, naka ko na wata. Kada ka kafa kotu a tsakar gida, kada kuma ka bar matan su riƙa nuna wa juna yatsa. Ka kira kowace a ɗakinta ka yi mata bayani da kanka, ka ce likita ne ya nemi ganin duka gidan. In akwai mai ciki a cikinsu, a faɗa wa likita kafin ya rubuta magani, a kuma sanar da ungozoma a wurin awo.

Wassalam.
'Yar'uwarka, ma'aikaciyar jinya.