Tubar Sarki Ashoka ba ta kai yadda marubuta ke zuzutawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na gode da filinku na littattafai da ya haɗa littattafan da ke bayanin ibadar mabiya Buddha da ƙagaggun labaran da aka gina kan daular Maurya ta Indiya. Na san akwai masu cewa ina ruwanmu da addinin da ba namu ba. To, Shahrastani, malamin Musulunci da ya rasu a 1153, ya yi rubutu kan addinan mutane har da na mabiya Buddha. Sanin abu daban, binsa daban.

Littattafan ibadar nan sun burge ni saboda ba su da hayaniya. Zauna, ka lura da numfashinka, idan hankali ya gudu ka dawo da shi ba tare da ka tsawata wa kanka ba. Sai dokoki biyar ga mabiyi na gari: kada ya kashe rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, ya guji alfasha, ƙarya da kayan maye.

Inda nake da magana shi ne kan labaran Ashoka, sarkin daular ta Maurya. Marubuta na son su nuna shi azzalumi a farko, sai yaƙin da ya ci ƙasar Kalinga, wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ga gawawwaki, ya tuba, ya koma waliyyi. Labari ne mai daɗi, kuma ba su ƙirƙiro shi daga iska ba. Sarkin da kansa ya sa an sassaƙa a kan duwatsu cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Ba kasafai ake samun sarkin da ya rubuta nadamarsa bayan ya yi nasara ba, wannan kam a yaba masa.

Amma fa bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. A cikin wannan rubutun na nadama ya gargaɗi mutanen daji cewa har yanzu yana da ƙarfin hukunta su. Abin da ya fi ɗaure min kai: a Dhauli da Jaugada, cikin Kalingar kanta, wato jihar Odisha ta yau, ba a sassaƙa rubutun nadamar ba. Wasu umarnai ne aka sa a madadinsa, inda yake cewa dukan mutane 'ya'yansa ne, yana kuma jan kunnen hakimansa su yi adalci. Waɗanda aka kashe wa dangi su ne ba a karanta musu tubar ba. Marubucin da ya tsallake wannan ya zubar da tsokar labarin, domin a nan ne ake ganin mutum yana son bin dokar kada a kashe rai alhali yana riƙe da rundunar da ke Pataliputra, babban birninsa.

Ga kuma wani abin da ya cancanci littafi nasa: an yi ƙarnuka ba wanda ya iya karanta duwatsun, sai a 1837 wani Bature, James Prinsep, ya warware rubutun Brahmi da aka sassaƙa a kansu. Yau zakunan ginshiƙin Ashoka na garin Sarnath su ne tambarin Indiya, ƙafar keken da ke tsakiyar tutarsu ma tasa ce.

Roƙona, idan za ku sake waiwayar waɗannan littattafai, ku gayyato malamin tarihi ya karanto mana fassarar umarnan Dhauli, mu ji su kusa da abin da marubutan suka saka a bakin sarkin.

Huta lafiya.

Naku mai sauraro,
daga Zariya