Maganin ya dawo mini da hankalina, amma ƙiba ta sa ni gaba

Assalamu alaikum Likita. Ina roƙon a sakaya sunana.

Shekaruna 26. Bara na yi fama da larurar ƙwaƙwalwa, ina jin muryoyin da babu mai jin su sai ni, barci kuma ya ƙaurace mini. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ni a kan olanzapine, kuma ba zan yi butulci ba, maganin ya yi mini rana. Muryoyin sun tafi, na koma bakin aikina.

Sai dai cikin wata takwas na tashi daga kilo 58 zuwa 73. An ce mini idan ƙarin ya kai kashi 7 cikin 100 na nauyin mutum, likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci, to nawa ya ninka haka fiye da sau uku. Yunwar ma ba irin wadda na sani ba ce. Zan ci in ƙoshi, kafin awa ɗaya cikina ya fara kira kamar na wuni ban sa komai a baki ba, musamman da dare. Mutanen gida sai tsokana suke yi wai hutu ya karɓe ni, wasu kuma su ce kwaɗayi ne. Dariya nake yi a gabansu, in na shiga ɗaki in yi kuka.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwai wata da muke haɗuwa ranar ganin likita, maganinmu ɗaya, adadin da muke sha ɗaya, amma tana nan yadda take. Yayana kuwa, da aka taɓa ba shi clozapine, haka ya yi ta kumbura kamar ni. Mahaifiyarmu tana da ciwon suga, ƙannenta biyu ma haka. Wannan ne ya sa na shiga bincike a intanet. Na karanta cewa magungunan nan biyu su suka fi sa ƙiba, saboda suna toshe hanyoyin sinadaran histamin da serotonin a ƙwaƙwalwa, waɗanda ke da hannu wajen jin ƙoshi. Na kuma ga ana ambaton wasu ƙwayoyin gado, HTR2C da MC4R, cewa ɗan bambanci a cikinsu yana iya sa wani ya fi wani saurin ƙiba da magani iri ɗaya. Da na karanta sai na ji sanyi a raina, ashe ba lallai rashin kamun kai ba ne. Daga baya kuma tsoro ya kama ni, domin abin da ke cikin jini ta ina za a kauce masa?

Likita, shin gadon ne ke aiki a kaina? Akwai gwajin da zai nuna haka, ko ɓata lokaci ne? Zan iya neman a canza mini zuwa aripiprazole, da aka ce bai cika sa ƙiba ba, ba tare da ciwon ya dawo ba? Metformin fa, maganin ciwon suga da na ji ana haɗa wa wasu saboda ƙibar? Kuma duk bayan wane lokaci ya kamata a riƙa auna mini suga da kitsen jini?

Ba zan ɓoye maka ba, sau biyu ina tsallake shan maganin a makon jiya. Na san kuskure ne, ban kuma faɗa wa likitana ba, don a zuwana na ƙarshe da na kawo kukan ƙibar, cewa kawai ya yi in rage ci. Ta yaya zan yi masa bayani ya saurare ni?

Taka mai sauraro a kullum.