Barista, na ƙirga gawarwakin Godhra, saura kai ka ƙirga sauran

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ban saurari shirin da ka yi a rediyo ranar Asabar ba, ina kan hanyar dawowa daga ɗaurin aure. Kafin in cire babbar riga mutum huɗu sun turo min muryarka ta WhatsApp, kowa na cewa Malam, ka ji abin da yayanka ya ce? Na ji, har sau uku na saurara.

Ga tambayarka kamar yadda ka jefo ta. Tunda Kotun Ƙolin Indiya da kanta ta wanke Firaministan Indiya Narendra Modi a kan rikicin jihar Gujarat na 2002, lokacin da yake babban ministan jihar, da wane hurumi ni malamin makaranta zan rubuta cewa bai cancanci lambar GCON da Shugaba Tinubu ya ba shi a Nuwamban 2024 ba? Sai ka ɗora da cewa ni gawar Musulmi kaɗai na iya ƙirgawa, shi ya sa ban san da 'yan Hindu 59 da aka ƙone a Godhra ba. Ka rufe da cewa a bincika wa yake saya min tawada.

Ta tsakiyar ce ta soke ni, da ita zan fara. Barista, ka san ni tun ina ɗan aji ɗaya kana shugaban ɗalibai. Ka san abin da na rubuta a Mayun 2004, lokacin da aka bi Kiristoci a Kano ana kashewa da sunan ramuwar abin da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shendam. Na ce wanda aka kashe a Sharaɗa ko hanyar Yelwa bai sani ba. Mako biyu ina shan harara a masallacin unguwa, kai ne ma ka kira ni ka ce in rage fita da dare. Yau ni ne ban san darajar jinin wanda ba Musulmi ba? Kuma mutanen Godhra suna nan a sakin layi na biyu na rubutun da kake suka. Na san manyan lauyoyi ba su da lokaci, yara ke karanta musu kanun takarda.

To bari in sake ƙirga su a gabanka. Ranar 27 ga Fabrairun 2002, jirgin ƙasa na Sabarmati Express ya tsaya a garin Godhra na jihar Gujarat ɗauke da 'yan Hindu masu ziyarar ibada daga Ayodhya. Wuta ta cinye tarago ɗaya, mutum 59 suka mutu, da mata da yara a ciki. Kisan gilla ne, ban taɓa nema masa wani suna ba. Hukuma kuwa ba ta yi barci a kansa ba. A 2011 kotu ta kama mutum 31 da laifi, ta yanke wa 11 hukuncin kisa, 20 ɗaurin rai da rai, daga baya Babbar Kotun Gujarat ta mayar da na kisan ɗaurin rai da rai. Abin da na tambaya a rubutuna shi ne, me gwamnati ta yi daga washegari?

Washegari ƙungiyar VHP ta masu kishin addinin Hindu ta kira yajin rufe gari, an kuma kai gawarwakin Ahmedabad. Alƙaluman da gwamnatin Indiya ta ba majalisa a 2005 sun ce a rikicin da ya biyo baya an kashe Musulmi 790 da 'yan Hindu 254, wasu 223 sun ɓace. Ka ga na sake ƙirga 254 ɗin, kada ka ce na tsallake su. A unguwar Naroda Patiya ta Ahmedabad kaɗai mutum 97 aka kashe rana guda. A rukunin gidaje na Gulbarg kuwa, jama'a sun gudu sun taru a gidan Ehsan Jafri, dattijo, tsohon ɗan majalisar tarayya, don suna ganin gidan babban mutum ba zai taɓu ba. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa ya ɗauki sa'o'i riƙe da kan waya yana kiran 'yan sanda da manyan gari, gungun mutane na kewaye da katanga. Da rana tsaka aka yi, a cikin birni mafi girma a jihar. An kashe mutum 69 a wurin, har da shi. Idan tsohon ɗan majalisa bai samu wanda zai amsa kiransa ba, ina ga mai facin taya?

Yanzu mu zo fagenka, shari'a. Gaskiya ne, kwamitin bincike na musamman da Kotun Ƙoli ta naɗa a 2008 ya ce a 2012 bai samu hujjar da za a gurfanar da Modi ba, kuma a Yunin 2022 kotun ta yi watsi da ƙarar Zakia Jafri, matar marigayin. Ban ɓoye wannan ba, ban kuma rubuta cewa Modi ya ba da umarnin kisa ba. Amma kai da ke cin abinci da kalmomi, ka fi ni sanin cewa "babu hujjar gurfanarwa" magana ce a kan mutum ɗaya da tuhuma ɗaya. Ba takardar yabo ba ce ga gwamnatin da aka yi ɓarnar a ƙarƙashinta. Makiyayin da kura ta cinye masa rabin garke yana iya rantsuwa bai haɗa baki da kura ba, a kuma yarda da shi, amma ba a yi masa rawani a kan kiwon.

Tunda Kotun Ƙoli ce abar dogaronka, me ya sa ka tsinci hukunci ɗaya ka bar sauran? Ita ce dai a 2004 ta duba shari'ar gidan burodi na Best Bakery a Vadodara, inda aka kashe mutum 14, ƙaramar kotu ta sallami duka mutum 21 da ake tuhuma bayan shaidu sun janye maganarsu. Ta kwashe shari'ar daga Gujarat gaba ɗaya ta kai Maharashtra, ta kuma kamanta mahukuntan jihar da Nero, sarkin Rum da aka ce yana kiɗa birninsa na ci da wuta. Da aka sake sauraro a Mumbai, mutum tara suka samu ɗaurin rai da rai. Kotu ta ce ba ta amince a yi adalci a cikin jiha ba, wannan shi ma wanki ne, Barista? Firaminista Vajpayee, ɗan jam'iyyarsu ta BJP, a gaban 'yan jarida ya tuna wa Modi haƙƙin mai mulki, cewa kada ya bambanta talakawansa. Ko shi ma ni na saya masa tawada?

Sai Bilkis Bano. Tana da shekara 21 da cikin wata biyar aka yi mata fyaɗen taron dangi ranar 3 ga Maris 2002, aka kashe 'yan uwanta a gabanta, har da 'yarta mai shekara uku. 'Yan sandan jihar suka rufe fayil. Sai da aka ba hukumar bincike ta tarayya, aka kai shari'ar Mumbai, sannan a 2008 aka ɗaure mutum 11 rai da rai. A 2017 Babbar Kotun Bombay ta kama 'yan sanda biyar da likitoci biyu da laifin lalata shaida. To, ranar 15 ga Agustan 2022, ranar bikin 'yancin kan Indiya, gwamnatin Gujarat ta yi wa mutum 11 ɗin afuwa da amincewar ma'aikatar cikin gida ta tarayya. Na ga hotunan, kai ma ka nema ka gani: ga su a jere, an rataya musu furanni a wuya, ana sa musu alewa a baki kamar angwaye. Wani ɗan majalisar jiha na BJP da ke cikin kwamitin afuwar ya ce ai Brahmin ne, wato 'yan ajin ƙoli a tsarin al'ummar Hindu, masu tarbiyya. Sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke afuwar, ta ce Gujarat ba ta da hurumin yin ta, ta mayar da su kurkuku. Wannan ba tarihin 2002 ba ne, wata goma ne kafin mu ba da lambar.

Kuma ni ba jita-jita na ji ba. A 2016 na kai Hajiya Ahmedabad aikin gwiwa. Likitan da ya yi mata ɗan Hindu ne, har yau tana sa masa albarka, don haka kada ka ce ina ƙin mutanen. Masaukinmu yana Juhapura, unguwar da Musulmi suka tattaru a cikinta, masu kuɗi da marasa shi, da yawa bayan 2002. Direban a-daidaita-sahun da ke kai ni asibiti, duk sanda muka zo wani titi sai ya ɗaga haɓa ya ce "boda". Na ɗauka wasa yake, ashe haka kowa ke kiran wurin, iyaka a tsakiyar birni ɗaya. Mai gidan da muka sauka, tsohon ma'aikacin banki, ya ce min gidansa na da ya fi wannan girma da iska, amma a nan ne yake iya barci. Har doka akwai a jihar, wadda a wasu unguwanni ba ka sayar da gida sai da izinin hukuma. Kashegari nake kallon titin bodar, babu shinge babu soja, shagunan shayi ne hagu da dama.

Kada ka ce BJP na tsana. Jam'iyyar Congress ce ke mulki lokacin da aka kashe dubban mabiya Sikh a Delhi a 1984, ita ce kuma a Mumbai a 1992 da 1993, inda kusan mutum 900 suka mutu, rahoton binciken Mai shari'a Srikrishna a kan rikicin ya sha ƙura a kan kanta. Mu ma nan mun iya wannan sana'ar: a kashe mutane, a naɗa kwamiti, a karɓi rahoto da ɗaukar hoto, a kulle a durowa. Shi ya sa lambar nan ta tsaya min a wuya. Ban ce kada a yi ciniki da Indiya ba, magungunanmu da baburanmu daga can suke. A sa hannu a yarjejeniya, a ci tuwo, a raka baƙo filin jirgi. Amma lambar girma shaida ce a kan mutum, kuma ban ji ɗan majalisa ɗaya, ko malami ɗaya cikin masu cika mana kunne da zancen al'umma, ya tambayi dalili ba. Zakia Jafri ta rasu a Fabrairun 2025, bayan shekara ashirin da wani abu tana zarya a kotuna.

Batun tawada kuma, Barista, albashin malamin makaranta ne, ka san bai kai a yi gulmarsa ba. Ni dai ban tambayi sunayen kamfanonin da ofishinka ke yi wa aikin lauya ba, ban kuma tambayi ko daga wace ƙasa masu su suka fito ba, don na san kai mutum ne mai tsare sirrin abokin hulɗa. Idan masu shirin sun amince, ina nan ranar Asabar. Ka zo da hukuncin 2022, zan zo da na 2004 da na 2024, mu karanta wa jama'a su duka uku.

Ka gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka a makaranta.